Mota Na Jijjiga Idan An Taka Birki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Faifai da Zaɓen Fad

Akwai direban da zai shekara sitiyari na rawa a hannunsa duk sa'ad da ya taka birki, har ya saba, ya ɗauka halin motar ne. Akwai kuma wanda ya sauya fad, ya sauya faifai, ya huta wata uku, sai ga rawar ta dawo kamar ba a taɓa komai ba. Na farko da ransa yake wasa. Na biyu kuwa kuɗinsa ne ke zurarewa, domin an yi wa alama magani an bar ciwon.

Bari mu daidaita sunaye tukuna. Faifai shi ne ƙarfen nan mai zagaye da ke juyawa tare da taya, makanikai na ce masa diski. Fad su ne 'yan allunan nan biyu da ke matse shi ta ciki da ta waje. Kalifa kuwa shi ne gidan da ke riƙe da fad ɗin, a cikinsa fistin yake, wanda man birki ke turawa idan ka taka.

Ina tafiya lafiya lau, da na taka birki sai sitiyari ya kama rawa. Me ke faruwa?

Galibi fuskar faifan ce ba daidai take ba. Wani waje ya fi wani kauri, ko wani waje ya fi wani kamu. Idan fad ya matse shi, duk zagaye ɗaya sai ya hau tudun ya ture fistin baya, sannan ya faɗa kwarin. Wannan turi da saki shi ke bin man birki ya iso tafin ƙafarka, ya kuma bi ƙarafan ƙafar mota ya iso hannunka. Tayar ƙaramar mota a gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa guda. Shi ya sa a babban gudu kake jin abin kamar karkarwa, da gudu ya ragu kuma ya koma bugu ɗai-ɗai, kamar ana riƙe motar ana saki.

Tudun da muke magana a kai ba wanda ido ke gani ba ne. Bambancin kauri na kashi 2 cikin 100 na milimita ya isa ya sa a ji rawa, alhali silin gashin kai ma ya ninka haka sau uku. Don haka idan bakanike ya shafa faifai da yatsa ya ce maka lafiyarsa ƙalau, bai faɗa maka komai ba tukuna. Awo ake yi.

Bakanike ya ce faifaina ya lanƙwashe saboda zafi. Haka ne?

Wannan ita ce maganar da kowa ke yi, kuma tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika faɗin abin da ya faru ba. Faifan yawancin motoci baƙin ƙarfe ne na zubi, mai kauri, ba kasafai yake karkacewa kamar murfin gwangwani ba. Abin da ake kira lanƙwasa yawanci ɗaya ne daga abu biyu.

Na farko, faifan bai zauna daidai a mazauninsa ba tun ranar da aka ɗaura shi, sai ya riƙa ɗan layi yana juyawa. Ko ba ka taka birki ba, duk zagaye gefen da ya fito yana shafar fad. Yau da gobe, bayan 'yan dubban kilomita, wurin da ake shafa ya cinye, sauran ya tsaya yadda yake. Ka ga bambancin kauri ya samu. Wannan ne sirrin motar da aka sa wa sabon faifai ta yi lafiya wata biyu ko uku, sannan ta koma gidan jiya.

Na biyu, fad yana barin wani siririn shafe na jikinsa a fuskar faifai, kuma haka ake so, domin wannan shafen shi ke sa birki ya kama da kyau. Matsalar ita ce idan shafen ya taru a waje ɗaya. Ka ɗauka ka gangaro daga tudu mai tsawo ƙafarka na kan birki, faifai ya yi jawur, sai ka tsaya cak ka danne birki minti biyu. Fad mai zafi ya manne a wuri guda, ya bar tambarinsa. Wani lokaci ma za ka ga siffar fad ɗin a jikin faifai ƙarara. Daga nan duk zagaye, wannan wurin sai ya fi sauran kamu.

Zafin ba na wasa ba ne. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100, idan aka tsayar da ita, zafin da birkinta ke sha ya kai wanda zai tafasa ruwa kusan lita 2, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa yake huɗu. Idan wani sashe na faifai ya kai wajen digiri 650, ƙarfen wurin kan sauya ya yi tauri fiye da kewayensa, ya bar tabo baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi. Irin wannan tabon ba ya cinyewa daidai da sauran, saboda haka kullum tudu yake ƙara zama.

Me ke hana faifai zama daidai a mazauninsa?

Abubuwa ne ƙanana da ake rainawa. Tsatsa ko yashi a fuskar hob, wato ƙarfen da faifai ke kwanciya a kai. Ɗan ɓarɓashin da ba za ka kula da shi ba a tsakiya, idan ya isa bakin faifai ya zama layi babba. Yawancin masu ƙera motoci ba sa yarda layin faifai ya wuce wajen kashi 5 cikin 100 na milimita.

Sai ɗaurin notin taya. Wannan kam laifin ya fi yawa. Wani zai ɗauko bindigar iska ya matse noti ɗaya har ƙarshe kafin ya taɓa na biyu, wani kuma ya sa dogon bututu a sufana ya hau da ƙafa yana tsalle. Noti ɗaya ya ɗauru fiye da kima, ɗaya bai kai ba, faifai ya karkata. Ƙa'ida ita ce a ɗaura su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, kamar zanen tauraro, a kuma ƙarasa da sufana mai ma'aunin ƙarfi. Yawancin ƙananan motoci ma'auninsu na tsakanin 100 da 140 a awon ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, ainihin adadin kuma yana cikin littafin motar.

Na uku shi ne kalifa da ya cije. A yawancin motoci, kalifa yana zamiya ne a kan wasu sanduna biyu masu giris. Idan robarsu ta yage, ruwa ya shiga, suka yi tsatsa, sai fad ya ƙi sakin faifai bayan ka ɗaga ƙafa. Alamarsa: taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, ana jin ƙauri, mota na ja gefe, fetur na ƙarewa da wuri, kuma fad ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa.

Ta yaya zan san daga gaba matsalar take ko daga baya?

Ka lura da inda jikinka ke jin ta. Idan sitiyari ne ke kaɗawa hagu da dama, nemi gaba. Idan kujera ce da ƙasan mota ke girgiza, sitiyari kuwa shiru, nemi baya. Bugun da ake ji a tafin ƙafa yana iya fitowa daga ko'ina cikinsu. Gaba ya fi yawan laifi, domin idan aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, kuma birkin gaba ne ke ɗaukar wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aikin.

Motocin da bayansu ganga ce mai lainin a ciki, ba faifai ba, su ma suna yi. Ganga kan bar zagayenta ta ɗan zama kamar ƙwai, sai a ji bugu a hankali daga baya.

Shin dole birki ne? Ba ya yiwuwa wani abu ne daban?

Yana yiwuwa ƙwarai, kuma a nan ake asarar kuɗi. Gwajin mai sauƙi ne. Idan motar na rawa a wani gudu na musamman, misali tsakanin kilomita 90 da 110, ko ka taka birki ko ba ka taka ba, to taya ce: balansin ya tafi, ko taya ta yi ƙulu, ko wili ya bugu a rami. Idan kuwa sai ka taka birki take yi, to a fara da faifai.

Amma akwai tsaka-tsaki. Bushin ɗin ƙafar mota da ya mutu, wato robar da ke mahaɗar ƙarafanta, ko tayarod ko bol joyin, wato ƙarafan da ke haɗa taya da sitiyari da ƙafar mota, da ya yi sako-sako, ba sa nuna kansu sosai sai an taka birki nauyi ya sauko musu. Ɗan kuskuren faifai da lafiyayyar ƙafa za ta shanye, ƙafar da ta gaji sai ta mayar da shi girgiza. Boris, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kai, idan ya lalace ma yana sa faifai layi, kuma yakan zo da gurnani mai ƙaruwa da gudu. Duk wanda ya sa sabon faifai a kan mataccen boris, ya sani zai sake saye.

Na taka birki da ƙarfi a kan hanya mai santsi, sai na ji yana harbin ƙafata da wata ƙara. Ya lalace ne?

A'a, ABS ne ke aikinsa. Na'urar tana kamawa tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don kada taya ta cije ta ja, ka rasa iko da sitiyari. Tun 1978 kamfanin Bosch ya fara sa ta a motocin Mercedes-Benz, yanzu kuwa ta zama ruwan dare. Idan ka ji ta, kada ka ɗaga ƙafa, kada ka yi famfo. Danne, ka ci gaba da juya sitiyari.

Inda za ka damu shi ne idan tana tashi a busasshiyar hanya, kana tsayawa a hankali, musamman gab da tsayawa. Wannan kan nuna sensar taya ta yi datti, ko zoben da take karantawa ya tsage.

Idan na sauya fad kaɗai, rawar za ta tafi?

Da wuya. Tudun a jikin faifai yake, sabon fad kuwa bin tudun zai yi. Wani lokaci takan lafa na 'yan kwanaki, sannan ta dawo, ka kuma ɓata sabon fad ɗin.

In kai faifan a yanke fuskarsa, ko in sayi sabo?

Lamba ce za ta yanke hukunci. A jikin kowane faifai, a bakinsa ko a tsakiyarsa, an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, galibi bayan haruffan MIN TH. A yawancin motoci tazarar da ke tsakanin sabo da wannan iyaka ba ta wuce milimita 2 ba. A auna kaurin a wurare da dama kewaye da faifan. Idan bayan yanka zai saura sama da iyaka, kuma babu tsagewa, babu tabon zafi, yanka ya halatta. Idan zai faɗi ƙasa, a jefar. Siririn faifai ba ya ɗaukar zafi, saurin ƙonewa yake, kuma yana iya tsagewa.

A ganina, faifan da ya riga ya yi tabon shuɗi bai cancanci yanka ba. Taurin ya shiga cikin ƙarfen, bayan ɗan lokaci zai sake fitowa. Kuma ko yanka ko sabo, biyu ake yi, hagu da dama tare.

Zan iya ci gaba da hawa haka?

Rawa kaɗan ba za ta hana ka kai motar gareji ba, amma ba abin zama da shi ba ne. Tana ƙara nisan tsayawa, tana cin ƙafar mota, kuma ƙaruwa take yi. Idan kuwa ta haɗu da ɗaya daga waɗannan, a ajiye motar: birki na nutsewa ƙasa, ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, mota na fizgewa gefe guda, jar fitilar birki ta kama, ko ana ganin mai na zuba a bayan taya.

Fad iri nawa ne, kuma wanne ya fi?

Babu wanda ya fi a kowane hali. Kowanne akwai abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa.

Akwai mai laushi, wanda aka haɗa da zaruruwa, roba da gam mai jure zafi, ƙarfe kaɗan ko babu. Ba shi da ƙara, ba ya cin faifai, yana kamawa tun da sanyi. Amma yana saurin ƙarewa, kuma idan ya sha zafi sosai kamunsa kan ragu. Ya dace da ƙaramar mota mai zirga-zirgar cikin gari.

Akwai mai rabin ƙarfe, wanda kashi 30 zuwa 65 cikin 100 na jikinsa ƙarfe ne. Wannan shi ne jakin aiki. Yana jure zafi, yana kamawa da ƙarfi, shi ya dace da motar da ke ɗaukar kaya, ko jan tirela, ko bin hanyar duwatsu. Kuɗin da za ka biya shi ne ƙara, baƙar ƙura a wili, da saurin cin faifai.

Sai na siramik, wanda ya shigo kasuwa a shekarun 1980. Shiru gare shi, ƙurarsa kaɗan ce kuma ba ta baƙanta wili, yana daɗewa. Sai dai ya fi tsada, kuma mutane na yi masa kallon da ya wuce matsayinsa. Sun ɗauka tunda ya fi tsada ya fi kamu. Ba haka ba ne. Ga mota mai nauyi da ke gangara da lodi, mai rabin ƙarfe nagari ya fi shi.

Shawara mafi aminci ita ce ka nemi irin wanda motar ta zo da shi daga kamfani, ko makamancinsa daga sanannun masu ƙerawa irin su Akebono, Bosch, Brembo, Ferodo, TRW, Textar ko ATE. Da yawansu su ne ma ke yi wa kamfanonin motoci na asali. Kada a ruɗe ka da fad ɗin tsere. An yi shi ne ya kama bayan ya yi zafi, da safe kuwa a mahaɗar farko zai ba ka kunya.

Abu ɗaya da ake mantawa: mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da birki iri biyu, gwargwadon girman inji ko ƙasar da aka yi wa ita. Sayen fad da sunan mota kaɗai caca ne. A yi amfani da lambar shasi, ko a ɗora tsohon a kan sabon a gani.

Rubuce-rubucen da ke jikin fad suna da amfani?

Suna da shi. A fad da yawa, musamman na kasuwar Amurka, akwai haruffa biyu a ƙarshen lambar, kamar EE, FF ko GG. Ƙarfin kamu suke nunawa: na farko da ɗan sanyi, na biyu da zafi. E na nufin 0.25 zuwa 0.35, F na nufin 0.35 zuwa 0.45, G kuma 0.45 zuwa 0.55. Idan ka ga FE, ka san kamunsa na raguwa idan ya yi zafi. FF shi ya fi yawa a motocin yau da kullum. Kada ka sauka ƙasa da abin da motarka ta zo da shi.

A Turai kuma akwai dokar da ake kira R90. Fad ɗin da aka buga wa 90R an gwada shi, an tabbatar aikinsa bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba, sama ko ƙasa. Masu jabu ma sun iya buga lamba, gaskiya ne, don haka a haɗa da duba kwali, tsabtar rubutu, da yadda aka manne allon a bayan ƙarfensa. Fad ɗin da ba suna, ba lamba, ba adireshin mai ƙerawa, bar shi a inda ka gan shi. Arha ba ta ado, balle a birki. Irinsu ne allon kan ɓalle daga ƙarfen ana cikin tafiya, kuma a irinsu ne har yanzu ake iya cin karo da asbestos, wanda Tarayyar Turai ta haramta gaba ɗaya tun 2005 saboda ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu. Shi ya sa ba a hure ƙurar birki da iska ko da baki.

Yaushe ya kamata a sauya fad?

Sabo yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, ban da ƙarfen baya. Idan ya sauko 3, lokaci ya yi. Yawanci akwai ɗan harshen ƙarfe da ke fara shafar faifai yana tsuwa idan an zo nan, wasu motocin kuma fitila ce ke kamawa. Kilomita nawa zai yi? Wannan ya danganta da ƙafar direba fiye da komai. A duba na ciki, ba na waje kaɗai ba, domin na ciki kan riga ƙarewa kuma shi ne ba a gani.

An ce sabon fad sai an yi masa horo. Mene ne wannan?

Shi ne shimfiɗa wancan siririn shafen daidai a duk fuskar faifai, kuma mutane ƙalilan ne ke yi. Idan mai ƙerawa ya rubuta tasa hanya a kwali, a bi ta. In babu, nemi hanya marar cunkoso, kai gudun kilomita 60, taka birki matsakaici har ka sauko wajen 10, kada ka tsaya cak, sake tashi. Yi haka sau 8 zuwa 10, da ɗan tazara a tsakani. Sannan ka yi tafiyar wasu mintuna ba tare da birki ba don ya huce. Ɗan ƙauri a lokacin ba komai ba ne. Kilomita 200 zuwa 300 na farko kuma a guji birki mai tsanani sai dole.

Bayan horo, sauran aikin na ɗabi'a ne. A doguwar gangara a sauko da giya, inji ya riƙe motar, a riƙa taka birki ana saki maimakon a jingina ƙafa a kai. Bayan birki mai zafi, idan wuri ya ba da dama, a bar mota ta ɗan mirgina kafin a danne.

Motata ta yi sati uku a ajiye, da na tashe ta sai birki na gurnani yana bugu.

Tsatsa ce. Faifai kan yi tsatsa cikin dare ɗaya ma idan ya jiƙe, sai wurin da fad ya rufe ya fita daban. Birki kaɗan a hankali yakan share ta. Idan an yi kwana biyu ana hawa ba ta tafi ba, ta ci ƙarfen, sai a duba. Motocin lantarki da masu haɗa inji da batir sun fi fama da wannan, domin injin lantarkinsu ne ke rage gudu, faifai ba ya samun gugar da za ta wanke shi.

Man birki yana da hannu a jijjiga?

Kusan babu. Nasa ciwon daban: yana shan danshi, sai ya riƙa tafasa da wuri, birki ya yi laushi ya nutse. Sabon man birki irin wanda ake kira DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 155. Yawancin kamfanoni na cewa a sauya shi duk shekara 2. Inda yake taɓa maganarmu shi ne tsohon mai na sa fistin tsatsa, kalifa ya cije.

Idan na kai gareji, me zan tsaya in ga an yi?

Ka ce a gwada motar a hanya tare da kai kafin a kwance komai, a kuma girgiza taya a kan jak don a ji ƙafa da boris. Idan an cire faifai, a goge fuskar hob da burushin ƙarfe har ta yi haske. Sabon faifai yana zuwa da shafen mai na hana tsatsa, a wanke shi kafin a ɗaura. A zare sandunan kalifa a wanke, a sa musu giris ɗin birki, ba giris ɗin boris ba, domin na boris kumbura roba yake yi. Kada a bar kalifa yana reto a jikin tiyonsa. Idan garejin na da agogon awo, a ɗora shi a fuskar faifai a juya a ga layinsa. In ya wuce ƙa'ida, sau da yawa cire faifan a juya shi zuwa wani ramin noti yana gyara abin.

Kafin ka motsa motar, taka birki sau da yawa har ya yi tauri, domin an tura fistin ciki, takun farko fanko ne. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 kuma, a sake bin notin taya da sufana mai ma'auni.